Birnin Pari: Taswirorinsa, Tashoshin Jirginsa da Kantunan Littattafansa, da Abin da Suka Riƙe na Tarihinmu

 

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. 

Waɗanda suka gabace ni a kan wannan mumbari sun kawo salsalar gidan sarauta da jerin sarakunan da suka hau gadon nan, kuma sun fi ni sanin haka nesa ba kusa ba. Ni ma'aikacin gidan rediyo ne, abin da kwamitin biki ya ɗora mini shi ne in yi magana a kan wani birni da aiki ya taɓa kai ni na ƴan watanni, wato Pari, babban birnin ƙasar Faransa. Na san wani zai ce a ransa: me ya haɗa kifi da kaska? Amsa ita ce, shekara ɗarin nan da muke murnar cikarta, daga kwanan watan da ke kan takarda muke ƙidaya ta. Sarauta ta girmi takardar, kowa ya sani. Amma takardar, da taswirar da ta sa mu wannan ɓangare na iyaka ba wancan ba, mutanen da ke karɓar umurni daga wancan birni ne suka rubuta su. Dangantakar ƙasarmu da Faransa ta yi sanyi tun 2023, har aka rufe ofishin jakadancinsu na Yamai a farkon 2024. Wannan bai ɗauke takarda ko ɗaya daga inda take ajiye ba.

Kuma ba yau ɗan ƙasar nan ya fara taka birnin ba. A 1855 wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, haifaffen wajajen Kance a ƙasar Damagaram, ya ratsa ta Pari tare da matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarimu, a kan hanyarsu ta zuwa Landan. Labarin tafiyarsa da ya bayar da Hausa an rubuta shi, an buga, yana nan har gobe.

Shi dai birnin, kogin Sen ne ya raba shi biyu, kuma daga wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar kogin ya faro. A kan tsibirin, gaban babbar majami'ar Notre-Dame wadda gobara ta ci a 2019 aka sake buɗe ta a ƙarshen 2024, akwai wata ƴar alama ta tagulla a daɓe, mai siffar tauraro. Daga kanta ake fara ƙidayar nisan hanyoyin ƙasar zuwa babban birni. Unguwanninsa ashirin ne, masu lamba, tun 1860: ta ɗaya tana tsakiya, sauran suna kewayawa suna faɗaɗa kamar bayan katantanwa, har ta ashirin ta faɗo gabas. Baƙon da ya gane wannan ya rage wa kansa wahalar tambaya.

Mutanen nan suna da son awo. A titin Vaugirard, ƙarƙashin wata rumfar gini, akwai wani farin dutse da aka manna a bango tun wajen 1796, an tsaga masa layi mai tsawon mita ɗaya daidai. Goma sha shida aka kafa irinsa a cikin gari lokacin da aka ƙirƙiro mita, domin talaka ya zo da igiyarsa ko ƙyallensa ya gwada, kada ɗan kasuwa ya cuce shi. Wannan ne ya rage a mazauninsa na asali. Kafin nan kowace gunduma da irin nata kamu da taƙi, kamar yadda tiyar wata kasuwa tamu ta fi ta wata. Mitar da telanmu yake rataye da ita a wuya, asalinta ke nan.

Wani abin kuma da ƙafa kan taka ba a lura ba, shi ne wasu ƙananan faifai na tagulla, 135 aka dasa a 1994, a jere daga arewacin birni zuwa kudancinsa, ɗauke da sunan masanin taurari Arago. Suna bin layin da Faransawa suka daɗe suna fara ƙidayar gabas da yamma daga gare shi. A 1884 taron ƙasashe a Washinton ya zaɓi layin Greenwich na Ingila, amma Faransawa suka ci gaba da aiki da nasu shekaru masu yawa bayan haka. To, nan ne abin ya shafe mu. Tsakanin layukan biyu akwai daraja 2 da minti 20, wato a ƙasarmu kimanin kilomita 250. Ɗalibin da ya ɗauki lambobin Damagaram daga tsohuwar taswirar sojan Faransa ya neme su a taswirar yau, ba tare da ya duba gefen takarda ya ga daga wane layi aka ƙidaya ba, sai ya tsinci kansa yamma da Maraɗi, wajajen Gidan Rumji. Malaman tarihi da labarin ƙasa na lisé da kwaleji, ku riƙe wannan.

Taswirorin kansu suna babban ɗakin karatu na ƙasa. A can ne ake ajiye da wata da aka zana a tsibirin Mayorka wajen 1375, a kan fata, wadda ta nuna Sarkin Mali, Mansa Musa, zaune bisa karaga da zinariya a hannu, wani mai rawani bisa raƙumi yana dosarsa, ga Tumbutu ga Gawo. Shekara ɗari shida da hamsin ke nan, kuma tun a lokacin abin da Bature ya hango a ƙasashen baƙar fata shi ne abin da ke hannun sarkin. Akwai kuma wasu ƙwallayen duniya guda biyu da aka ƙera wa Sarki Luwi na 14 tsakanin 1681 da 1683, kowanne faɗinsa ya kusa mita huɗu, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama. Na ƙasan, idan ka duba tsakiyar Afirka, zane ne mai kyau da aka cika da zato. A titin Saint-Germain kuma ƙungiyar masana labarin ƙasa take, wadda aka kafa a 1821, ita ce ta ba René Caillié ladan faran 10,000 saboda ya shiga Tumbutu a 1828 ya komo da rai. Daga irin wannan zaure ake cike farin wurin da ke kan takarda, kuma bayan mai alƙalami, mai bindiga kan biyo.

Ranka ya daɗe, ga taswirar da ta fi kowace shafar mutanen da ke zaune a wannan fili. Ranar 14 ga watan Yuni na 1898, a birnin Pari, wakilan Faransa da na Ingila suka sa hannu a kan yarjejeniyar raba ƙasashen da ke tsakanin Kwara da tafkin Cadi. Sun kafa tsinin abin zana da'ira a kan Sakkwato, suka buɗe shi mil 100, kimanin kilomita 160, suka ja baka. Abin da ke cikin bakan na Ingila, na waje na Faransa; daga nan layin ya miƙe gabas, ya karya kudu, ya sake miƙewa. A bisa wannan zane, Ƙonni da Madawa da Tsibiri da Maraɗi duk na Ingila ne. A ranar da aka sa hannun babu Bature ko ɗaya da ke mulki a waɗannan garuruwa. Hasali ma wata ɗaya da ƴan kwanaki kafin nan aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram. An raba ƙasa, masu ita suna shirin shuka.

Da Faransawa suka zo bin rabonsu da ƙafa, sai suka tarar hanyar da ta rage musu daga kogi zuwa Damagaram ta bi ta arewa, inda rijiyoyi ke da nisa da juna, ayarinsu na shan ƙishirwa. Suka koma teburin ciniki. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, Faransa ta saki wani tsohon haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar Newfoundland, can gefen Kanada, aka biya ta da wasu yankuna a Afirka, ciki har da tura wannan iyaka tamu zuwa kudu. Aka ƙara gyara ta a 1906. Daga nan tawagar Kyaftin Tilho ta Faransa da ta Manjo O'Shee ta Ingila suka bi daji suna kafa alamomi 148, waɗanda mutanen bakin iyaka ke kira tangaraho. Saboda haka idan yau ɗanka yana karatu da Faransanci, ɗan wanka na Jibiya ko Illela yana yi da Ingilishi, a cikin dalilan har da rijiya, har da kifin wani teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba.

Bari mu sauka ƙarƙashin ƙasa mu sha iska, in ana shan iska a can. Jirgin da suke kira metro ya fara aiki ranar 19 ga Yuli 1900, kuma injiniyan da ya jagoranci ginin, Fulgence Bienvenüe, hannu ɗaya gare shi, ya rasa ɗayan a hatsarin jirgin ƙasa tun yana saurayi. Yau layuka 16 ne, tashoshi sun haura 300. Bangon yawancinsu farin karo ne mai sheƙi, saboda fitilun lantarki na farko ba su da ƙarfi, sai aka nemi abin da zai mayar da haske. Ƙofofin shiga na farko, Hector Guimard ya zana su da koren ƙarfe mai lanƙwasa kamar reshen kabewa, fitilunsu kamar furen da bai buɗe ba. An tumɓuke da yawa a zamanin da aka ga sun tsufa, sannan aka dawo ana kuka da su. Fiye da 80 da suka tsira yanzu doka ce ke tsaronsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka mayar da wurin jiran mota makaranta. Tashar Louvre-Rivoli, tun 1968, an jera mata kwafin gumakan gidan tarihin da ke samanta. Tashar Arts et Métiers an lulluɓe ta da jan ƙarfe a 1994, da ƴan tagogi masu zagaye, kai ka ce cikin jirgin ruwa mai nutso kake. A rufin tashar Cluny, kusa da jami'ar Sorbonne, sa hannun manyan marubuta da sarakuna ne aka zana da ƙananan duwatsu masu launi. Har makaɗan da ke cikin hanyoyin tasha sai an saurare su an zaɓa kafin a ba su izini, kuma ma'aikacin rediyo ba ya wuce mai kora ɗan Mali bai tsaya ba.

Tashar Concorde kuwa ta tsayar da ni fiye da sauran. A 1991 wata mai zane, Françoise Schein, ta rufe bangonta da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1789, kowane karo harafi ɗaya, babu tazara tsakanin kalmomi, sai mai jira ya yi ta haɗa baƙi da kansa kamar ɗan makarantar allo. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai ɗan Nijar da ya karanta shi ba zai rasa tuna cewa ƙasar da ta rubuta wannan a 1789, ba ta soke aikin tilas a ƙasashenmu ba sai a 1946, kuma a wannan fili akwai jikokin waɗanda suka ɗauki dutse a ka suka yi hanyar mota ba lada. Duka biyun gaskiya ne, bangon dai ɗaya kawai ya faɗa.

Haka sunayen tituna. Akwai titin Nijar a gabashin birni, akwai na Tumbutu a arewa, akwai na Kwamanda Lamy, wanda ya sauka Damagaram a ƙarshen 1899 ya mutu a yaƙin Kusiri da Rabe a 1900. Sunan Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga, ko na Sarauniyar Lugu, ba za ka gan shi a kan allon titi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa mu jira su rubuta mana ba. A unguwar da ƴan Afirka suka fi yawa, tashar Château Rouge, an manna babban zanen Barthélémy Toguo ɗan Kamaru a 2017. Kana fitowa ka ji ƙanshin busasshen kifi da yaji kamar a kasuwar gida. Babban masallacin birnin kuma an buɗe shi a 1926, domin tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu a yaƙin duniya na farko, shekarar da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai.

A watan Oktoba na 2024 hukumomin Yamai sun mayar da titin de Gaulle titin Jibo Bakari, sun cire hoton Monteil sun sa na Thomas Sankara. Wannan ya nuna mu ma mun gane allon titi littafi ne. Amma a garuruwanmu na cikin ƙasa matsalar ta wuce sauya suna: sunayen ne ba a rubuce ba. Kwatancenmu shi ne bayan marina, gindin tsamiya, tsohuwar ƙofar yamma. Ranar da tsamiyar ta faɗi, tsohon da ya san dalilin sunan ya kwanta dama, shi ke nan. Kuma ba masu zane muka rasa ba. Duk wanda ya tsaya a tasha ya dubi bayan kamyo, da zakoki da dawaki da kalmomin hikima da ake rubutawa, ya san hannun yana nan. Bango ne ba a ba shi ba.

Sai littattafai. A kan katangar bakin kogin Sen, tsawon kilomita uku ko fiye, akwai korayen akwatuna kusan 900 na masu sayar da tsofaffin littattafai, su fiye da 200. Sana'ar ta faro tun ƙarni na 16 da ƴan talla, kuma a 1891 aka yarda su bar akwatunansu a wurin su kwana. Hukumar birni ce ke ba mutum wuri, akwati huɗu, ba ya biyan haya, da sharaɗin uku daga ciki littattafai ne da tsofaffin takardu, ɗaya kawai na tsarabar ƴan yawon buɗe ido. Da wasannin Olamfik na 2024 suka ƙarato, ƴan sanda suka ce a kwashe akwatunan saboda tsaro. Mutanen gari suka yi ca, har shugaban ƙasar ya janye maganar a watan Fabrairu na shekarar. A irin waɗannan akwatuna mai haƙuri kan ci karo da katin gidan waya na zamanin mulkin mallaka, da hoton ganuwar Damagaram ko na wani sarki da dogaransa, an rubuta sunan gari a karkace, sunan sarkin kuwa ba a ma damu da shi ba.

Ƙananan kantunan littattafai sun rayu a birnin ne saboda wata doka ta 1981, wadda ta ce mai buga littafi shi ke yanka kuɗinsa, kuma babban kanti ba shi da ikon rage fiye da kashi 5 cikin ɗari. Duk da haka ba a rasa asara ba: babban kantin Gibert Jeune na dandalin Saint-Michel, inda ɗalibai suka daɗe suna sayen na hannu, ya rufe a 2021.

Titin da ya kamata ɗan ƙasarmu ya nema shi ne rue des Écoles, wato titin makarantu. A nan kantin Présence Africaine yake, gidan da Alioune Diop ɗan Senegal ya faro da mujalla a 1947. Su suka buga littattafan marigayi Bubu Hama da dama, har da tarihin Gobir da Sakkwato na 1967. Tsallaken titi kaɗan ga L'Harmattan, wadda aka kafa a 1975, kuma sunanta ba wani abu ba ne illa iskar hunturunmu. Ita ta fitar da littafin Abdullahi Mamani a kan Sarauniya a 1980, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986. Ka tsaya gaban kanta guda ka ga Adar da Gobir da Katsina da Damagaram jere, abin da da wuya ka samu wuri ɗaya a nan gida. Littafin Yuro 20 kuwa ya haura jika goma sha uku na kuɗinmu, ban da kuɗin jirgi. Malamin lakwal na ƙauye, wanda ya fi kowa bukatarsa, yaushe zai saya?

Akwai littafi ɗaya da nake so fada ta san da shi. Tawagar Tilho da na ambata ba alamomin iyaka kawai ta kafa ba. A cikinta akwai wani hafsa tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da sarakuna da fadawa da malamai daga Cadi har Kwara yana tambayarsu asalinsu. Abin da ya tattara ya fito a juzu'i na biyu na rahoton tawagar, wanda aka buga a Pari a 1911, kuma shi da Tilho sun wallafa nahawun Hausa da tatsuniyoyi da ƙamus. Jerin sarakuna da yawa da ake karantawa a bukukuwa irin wannan, in aka bi sawunsu, a can za a tarar da su. Darajarsa ita ce ya ji daga bakin mutanen da suka ga zamanin kafin Nasara da idonsu. Rauninsa kuma, baƙo ne mai tafe da soja, wanda ya samu shiga zaure shi aka rubuta maganarsa, gidan da aka ture daga sarauta ko wanda ya yi gudun hijira ba a ji nasa ba. A karanta shi, a aza shi kusa da abin da makaɗan fada da tsofaffin gida suka riƙe, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Ga wanda zai bi sawun takardun, kada ya ɗauka duk suna Pari. Na ma'aikatar mulkin mallaka suna garin Aix-en-Provence a kudancin Faransa, na soja suna Vincennes a gefen Pari, na gwamna janar suna Dakar. Rahotannin kwamandojin sarkal, inda ake samun labarin naɗi da tuɓewa da ƙidayar haraji, da yawansu suna gidan ajiyar takardun ƙasa a Yamai, kuma cibiyar IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Babban ɗakin karatun Faransa kuma ya zuba dubban tsofaffin taswirori da littattafai a intanet, a ma'ajiyarsa mai suna Gallica, kyauta. Taswirar Mansa Musa tana ciki, yaro mai wayar hannu zai iya buɗe ta daga nan inda muke zaune, ba biza ba jirgi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, roƙona ga fada guda uku ne, kuma ba masu tsada ba. A ware ɗaki ɗaya mai ƙofa da makulli, wanda ruwa da gara ba sa shiga, a sa kwafin waɗannan taswirori da littattafai. A sa ɗalibanmu na jami'a, lokacin hutu, su zaga da dattawan unguwanni su zana taswirar garin nan da sunayen ƙofofi da rijiyoyi da marina da maƙera kamar yadda ake faɗinsu da Hausa. Sannan duk gidan da ke da tsohuwar wasiƙa ta ajami, ko takardar haraji, ko hoton kaka a cikin adaka, ya kawo a ɗauki hotonta a gabansa a mayar masa da abinsa a ranar. Mu kuma a gidan rediyo za mu yi shelar ranakun da fada ta tsayar.